Tambaya da Amsa: Me Ya Sa Na'urorin Awo Ke Kyafta Haskensu?

Wasiƙu uku na ware a wannan watan. Masu su ba su san juna ba, sana'arsu ma ba ɗaya ba ce, amma abu guda suke tambaya.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a fannin kimiyyar sinadarai, ina aji uku. Rannan mai gyara ya buɗe murfin sifektirofotomitar ɗakin gwajinmu, sai na ga wani ɗan faifai yana ta juyawa a hanyar haske, wani sashensa madubi ne, wani a huje, wani kuma baƙi wuluk. Da na tambaya aka ce datse hasken yake yi. Abin ya ɗaure mini kai. Mu da muke fatan haske ya isa, don me za a riƙa tare shi? Daga wani ɗalibi, Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya yi wa karatu albarka. Ɗalibai da yawa sukan gama digiri ba su taɓa leƙa cikin na'urar nan ba, iyakarsu danna maɓalli da kwafar lamba.

Aikin na'urar ka riga ka sani. Kowane sinadari yana da launukan da yake shanyewa. A tura masa haske mai launi guda ta cikin 'yar kwalbar nan mai faɗin santimita ɗaya, idon na'ura ya auna abin da ya tsira a ɗaya gefen, daga nan a lissafa yawan sinadarin. Ƙa'idar lissafin tsohuwa ce, wani masani mai suna Lambert ya rubuta nasa ɓangaren a 1760, wani mai suna Beer ya ƙara nasa a 1852. Wahalar tana wurin idon. Shi ba ya tambayar haske daga ina ya fito. Na fitilar na'ura, na taga, na ƙwan lantarkin silin, duk ƙirga su yake. Ko a duhu ma ba ya nuna sifili, domin akwai 'yar wutar da ke tsiyaya a cikinsa, kuma tana ƙaruwa idan ya ɗau zafi. Ita ma fitilar ba ta tsayawa wuri guda: da safe wani ƙarfi, bayan awa biyu wani.

Ka ɗauka ka je kasuwar dare neman abokinka, ko'ina fitilu ne, na mai shayi, na mai tsire, na babura. In ya ɗaga tocila ya bar ta a kunne, sai ka gaji da dube-dube. In kuwa yana kunnawa yana kashewa, nan take idonka zai kama shi, ko da tocilarsa ta fi kowace fitila a wurin rauni. Faifan da ka gani alama yake sa wa hasken na'ura, don ta gane nata a cikin na jama'a.

Ga yadda zagaye ɗaya yake tafiya. Idan hujin ya zo, haske ya bi ta kwalbar samfuri. Idan madubin ya zo, ya karkata hasken zuwa kwalbar da babu komai a ciki sai ruwan narkarwa. Idan baƙin ya zo, fitila ba ta kai wa ido komai, abin da ya gani a lokacin duk baƙon haske ne da tsiyayar kansa. Awo uku ke nan, sau da yawa a kowane sakan. Ɗauki biro mu gwada da lambobin misali. A ce duhu ya ba da 20, kwalbar ruwa 520, samfuri 270. Cire 20 daga kowanne, ka sami 250 bisa 500, wato rabin hasken ya wuce. Wanda bai cire duhun ba, zai sami kashi 52 cikin ɗari, kuskuren da za a iya jurewa. To yanzu a ce samfurin mai kauri ne, ya ba da 25. Gaskiyar magana 5 bisa 500 ne, kashi 1 cikin ɗari. Wanda bai cire duhu ba, zai sami 25 bisa 520, kusan kashi 5. Ya ninka gaskiya kusan sau biyar. Ka lura, inda hasken ya fi ƙaranci nan ne ɓarnar ta fi yawa. Sannan da yake ana kwatanta kwalabe biyun cikin ƙiftawar ido, in fitila ta yi sanyi duka biyun za su ragu tare, rabon da ke tsakaninsu ba zai motsa ba.

Maganar da ka yi cewa ana asarar haske gaskiya ce. Rabi ko fiye yana tafiya a banza. Abin da ake samu a madadinsa ya fi shi daraja nesa ba kusa ba, musamman in an haɗa faifan da na'urar da masu aikin ke kira lok-in. Ita wannan tana karɓar saƙo biyu, ɗaya daga ido, ɗaya daga faifan yana gaya mata yaushe ya buɗe yaushe ya rufe. Abin da ya shigo lokacin buɗewa ta tara, na lokacin rufewa ta ɗebe, ta yi ta maimaitawa. Duk abin da ba ya tafiya da takun faifan, yau ya faɗa gefen tarawa gobe gefen ɗebewa, a ƙarshe ya cinye kansa. Abin da ke tafiya da takun kaɗai ke taruwa. Ta haka ake zaƙulo saƙon da hayaniyar lantarki ta ninka sau dubbai. Sai dai tana son haƙuri, domin in kana so hayaniyar ta ragu da rabi, sai ka ninka lokacin awo sau huɗu. Sunan da aka fi dangantawa da wannan dabara shi ne Robert Dicke na jami'ar Princeton a Amurka, wanda a shekarun 1940 ya yi amfani da irin wannan sauye-sauyen wajen auna raƙuman rediyo masu rauni ƙwarai.

Akwai abu biyu da nake so ka riƙe don ranar da za ka haɗa naka gwajin. Na farko, saurin datsewa. Wutar lantarki a Najeriya da Nijar tana kai-komo sau 50 a sakan, dogayen ƙwayayen nan na ofis kuma suna kyaftawa sau 100. In ka sa faifanka a 50 ko 100 ko 150, ka ba hasken ɗaki alamar da ka ba naka, na'urar za ta karɓe shi hannu biyu. Zaɓi lamba da ba ta haɗa hanya da waɗannan ba, kamar 230 ko 370, kuma ka bar tazara mai kyau, domin ranar da ake kan ƙaramin janareta wannan 50 ɗin yawo take yi. Na biyu, wurin da faifan yake. A sa shi kusa da fitila, kafin samfuri. Wannan ya fi muhimmanci a awon infirared, hasken nan da ido ba ya gani, domin duk abu mai ɗumi yana fitar da irin wannan haske, bangon na'urar, hannunka, har samfurin kansa. A watan Afrilu, zafi na haura digiri 40, ɗakin gaba ɗaya fitila ne a wurin idon infirared.

Inda na fi ganin kyan wannan dabara shi ne wajen auna ƙarafa masu guba. Alan Walsh, wani masani a Melbourne ta Ostireliya, shi ya fito da hanyar a 1955. Ana fesa samfuri cikin harshen wutar gas ɗin asitilin mai zafin sama da digiri 2,000, sinadaran su warwatse zuwa ƙwayoyin zarra, sai a ratsa wutar da hasken wata fitila da aka ƙera da ƙarfen da ake nema. In dalma ce, ana duba launin da ke nanomita 283.3, wato ma'aunin da ake bambance launukan haske da shi. Matsalar ita ce wutar tana da nata haske, kuma dalmar da ke cikinta in ta ɗau zafi tana fitar da wannan launin daidai. Babu matacin launi da zai raba su tun da launi ɗaya ne. Sai aka sa fitilar ta riƙa kyaftawa, na'ura ta saurari mai kyaftawar kaɗai, ta bar wutar da haskenta. Mu da muka ga abin da ya faru a Zamfara a 2010, lokacin da niƙan duwatsun zinariya a cikin gidaje ya watsa ƙurar dalma a ƙauyukan Anka da Bukkuyum har yara sama da 400 suka rasu, ba ma buƙatar a gaya mana amfanin awon dalma a ƙasa da ruwa da jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar dalma a ruwan sha a maikirogiram 10 cikin lita, maikirogiram kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram. Wannan ƙanƙanta ta fi ƙarfin harshen wuta, shi ya sa ake komawa ga 'yar tanderun girafait da ake gasa samfurin a ciki da lantarki, amma fitilar tana nan tana kyaftawa.

Kada dai ka ɗora wa faifan abin da ba aikinsa ba. Baƙon haske kawai yake kora. Duk ɓarnar da ta sami hasken naka a kan hanya, tare za su isa ido da alamarsu. Shatin yatsa a jikin kwalba, kumfa a cikin ruwa, samfuri mai gurɓi, hasken wani launi da ya sulale daga cikin na'urar kanta, babu ɗaya da datsewa ke gyarawa. Goge kwalbarka, ka riƙe ta ta gefen da haske ba ya bi.

Tambaya: Malam barka da aiki. Ni ma'aikaciyar jinya ce a ɗakin haihuwa. Oksimita, 'yar na'urar da muke maƙala wa a yatsa don ganin iskar oksijin a jini, takan ƙi karantawa ga matan da suka sha lalle, wani lokacin kuma lambar ta yi ta tsalle in gadon yana bakin taga. Sannan na ji ana cewa ba ta faɗin gaskiya a kan baƙar fata. Mu yarda da ita ko mu ajiye? Daga wata ma'aikaciyar jinya, Maraɗi.

Amsa: Barka kadai, Malama, Allah ya saka da alheri kan wannan hidima. Kada ku ajiye ta. Amma ya kamata ku san inda take tuntuɓe.

Buɗe bakinta ki duba. Jan hasken da kike gani kamar a tsaye yake, alhali ƙwayaye biyu ne a ciki suna karɓa-karɓa, ja mai nanomita 660 da infirared mai wajen 940 wanda ido ba ya gani. Ja ya kunnu, ya mutu, infirared ya kunnu, ya mutu, sannan a yi ɗan duhu, a sake, sau ɗaruruwa a sakan. A ɗan duhun nan take auna hasken ɗaki ta ɗebe shi. Dalilin launi biyu kuwa shi ne himogulobin, wato sinadarin jini mai ɗaukar oksijin: wadda ba ta ɗauke da oksijin ta fi shan ja, wadda ke ɗauke da shi ta fi shan infirared.

Akwai kuma kyaftawa ta biyu, wadda ba na'urar ke yi ba. Zuciyar majiyyaciya ce. Duk bugu ɗaya jini yakan cika jijiyoyin yatsa, hasken da ke wucewa ya ɗan ragu, sannan ya dawo. Fata da ƙashi da farce ba sa bugawa, shan haskensu a tsaye yake. Na'urar sai ta kama ɗan ɓangaren da ke hawa da sauka, wanda sau da yawa bai wuce kashi ɗaya ko biyu cikin ɗari ba, ta kwatanta shi a launukan biyu. Takuo Aoyagi, injiniya a kamfanin Nihon Kohden na Japan, shi ya gano haka a 1972. Wani awo daban yake yi, bugun zuciya yana ta ɓata masa sakamako, sai ya fahimci cewa labarin oksijin yana cikin wannan ɓatawar.

Daga nan amsoshinki suke fitowa. Bakin taga: na'urar tana iya ɗebe hasken ɗaki, amma rana kai tsaye, ko fitilar tiyata, ko shuɗiyar fitilar jarirai masu shawara, sukan cika idon har ya rasa wurin ganin komai. Rufa hannun da gefen zane, yawanci shi ke nan. Hannu mai sanyi a lokacin hunturu, ko na matar da ta zubar da jini da yawa, bugunsa a yatsa ya yi rauni, lamba ta yi ta rawa. Murza hannun ya yi ɗumi, ki jira layin bugun da ke allon ya daidaita kafin ki rubuta komai. Lambar da ba ta zo da bugu mai tsari ba, ba lamba ba ce.

Lalle kuwa ya danganta da irinsa. Jan lalle na ganye yakan bar haske ya wuce, kuma da yake a tsaye yake ba ya bugawa, lissafin yakan share shi. Baƙin nan na dayis shi ne matsala, domin yakan tare hasken har abin da ya tsira bai isa awo ba. Nemi yatsan da bai sha sosai ba, ko na ƙafa, ko kunne in kuna da maƙalin kunne. Da ma a awon ciki a riƙa roƙon mata su bar yatsa ɗaya ba baƙin lalle idan wata ya kama. Ba sai an hana kowa kwalliya ba.

Maganar baƙar fata gaskiya ce, kuma ita ta fi damuna. A watan Disamba na 2020 likitocin jami'ar Michigan a Amurka suka fitar da bincike inda suka kwatanta lambar oksimita da awon jinin da aka ja daga jijiya. Sun duba lokutan da na'urar ta nuna 92 zuwa 96, wato babu tashin hankali, alhali ainihin oksijin yana ƙasa da 88. Hakan ya faru a kashi 11.7 cikin ɗari na awon baƙaƙen fata, da kashi 3.6 na fararen fata. Sau uku ke nan. A 2021 hukumar kula da magunguna da na'urorin lafiya ta Amurka ta fitar da gargaɗi a kan iyakar na'urar. Sinadarin da ke ba fata duhu ya fi shan ja a kan infirared, kuma haske a cikin tsoka ba miƙewa yake yi ba, warwatsuwa yake, don haka sharewar da lissafi ke yi ba ta cika ba. Ga shi jadawalin da ke mayar da awo zuwa lambar da kike gani daga jikin masu sa kai aka samo shi, kuma shekara da shekaru akasarinsu masu hasken fata ne. A can baƙar fata tsiraru ne a asibiti. A ɗakinki kowace majiyyaciya ce. A ganina masu sayo wa asibitocinmu kaya ya kamata su riƙa tambayar kamfani a kan wace fata aka gwada na'urarsa, su ƙi wadda ba ta da amsa. Ke kuma, tun da kuskuren ya fi karkata zuwa sama, in kika ga 92 ko 93 ga mace tana haki, hakin za ki bi.

Abu biyu kuma da ba za ta taɓa gaya miki ba. Wanda ya shaƙi hayaƙin janareta ko gawayi a rufaffen ɗaki, himogulobin ɗinsa ta ɗauki iskar guba, amma a jan haske kamanninta ɗaya da mai oksijin, sai ki ga 98 mutum yana hanyar mutuwa. A ba shi oksijin ko me lambar ta ce. Haka yaron da zazzaɓin cizon sauro ya ƙarar wa jini. Ɗan abin da ya rage masa yana iya cika da oksijin, na'ura ta nuna 97, alhali jinin ne babu. Ki duba tafin hannu da cikin fatar ido, ki aika a auna jini. Duk da haka, a wurin yaro mai ciwon huhu, ganin lamba ƙasa da 90 da sa masa oksijin a kan lokaci ya ceci rayukan da ido kaɗai ba zai gane suna cikin haɗari ba.

Tambaya: Malam, ni malamin kimiyya ne a sakandare. Ba mu da kayan gwaji. Akwai yadda zan nuna wa yara wannan kyaftawar haske da abin da ke hannu? Daga wani malami, Gusau.

Amsa: Akwai, Malam, kuma ba sai ka kashe kuɗi ba. Fara da rimot ɗin talabijin. Saita kan sa ga kyamarar waya ka danna, yawancin wayoyi za su nuna ɗan haske yana ƙyalli inda ido bai ga komai ba. Infirared ne. Akasarin rimot suna kyafta shi sau 38,000 a sakan, talabijin kuma wannan saurin kaɗai take saurare, shi ya sa take amsawa ko da rana tsaka. In ka sami ɗan farantin sola na tsohuwar fitila, haɗa wayoyinsa biyu da mashigar sauti ta ƙaramar lasifika mai batir. Tocilar da ke tsaye shiru za ka ji. Rimot zai yi ƙara tirr-tirr, wato gungu-gungun saƙon da yake aikawa. Ƙwan ofis zai yi gurnani. Haska tocilar ta bayan fanka mai juyawa, yara su ji fukafukan suna datse hasken, ka ga sun gina faifan da ɗalibin Zariya ya tambaya.

Gwaji na biyu ya fi ban mamaki domin babu lantarki a cikinsa. Sami kwalbar gilashi mai murfi, ka turara gefe ɗaya na cikinta da hayaƙin kyandir har ya yi baƙi, ka bar ta ta huce, ka huda ɗan ƙaramin rami a murfin. Kawo gefen da ba baƙi kusa da ƙwan lantarki mai ƙarfi na wutar gida, yadda hasken zai faɗa kan baƙin, ka kara kunne a ramin. Za ka ji zuuu a hankali. Sa hannu ka tare hasken, ƙarar ta ɗauke. Baƙin yana shan haske ya ɗau ɗumi, ya dumama iskar da ke jikinsa ta kumbura, haske ya ragu ta koma, sau 100 a sakan, kunne kuma ya ji shi a matsayin sauti. Alexander Graham Bell, mai wayar tarho, ya gano wannan a 1880 yana datse hasken rana da faifai mai ramuka, a shekarar da ya aika magana ta hasken rana tazarar sama da mita 200. An yi kusan shekara 90 ba a ci moriyarsa sosai ba, sai da leza da makirufo masu kaifi suka samu a shekarun 1970. Yanzu da shi ake auna gari da ganye da fata, abubuwan da haske ba ya ratsawa, da kuma iskar gas 'yar kaɗan a cikin iska, domin ƙarfin sautin yana bin yawan hasken da samfurin ya sha.

Ba kowane ƙwai ke bayarwa ba, wasu na zamani an daidaita musu wuta ba sa kyaftawa, don haka gwada biyu ko uku a gida kafin ka shiga aji. Ɗakin ya yi tsit, a kashe fanka, yara su zo ɗaya bayan ɗaya. Aikin kyandir kai za ka yi da hannunka, kuma kada kwalbar ta taɓa ƙwan.